Tambayoyi da amsoshi ga mai son koyon ɗaukar hoton biki

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi dawowa daga matasa maza da mata masu son shiga harkar hoton biki, musamman a nan Arewa. Wasu amsoshin suna jingine da juna, inda haka ta faru na nuna.

Ban taɓa riƙe kyamara ba, daga ina zan fara?

Daga ɗaukar jaka. Ka nemi mai hoton da yake samun aiki a garinku ka roƙe shi ya riƙa tafiya da kai, kai ne mai riƙe fitila, kai ne mai canja batir, kai ne mai kiran dangin ango su zo su tsaya. Mutane da yawa suna raina wannan matakin suna ganin ɓata lokaci ne, alhali a nan ne za ka ga abin da babu bidiyon YouTube ɗin da zai nuna maka, wato yadda oga yake lallaɓa gwaggon amarya ta matsa gefe ba tare da ranta ya ɓaci ba, da inda yake tsayawa tun kafin liman ya fara magana, da yadda yake gane cewa yanzun nan amarya za ta fashe da kuka.

Biki ba wurin gwaji ba ne, ba a maimaita shi don kai. Gwajinka ka yi shi a gida da ƙannenka, da rana, da magariba, da cikin ɗaki mai ƙwan fitila ɗaya, har hannunka ya san inda kowane maɓalli yake ba sai ka duba ba. Bayan nan sai suna da walimar sauka, su ma taro ne amma hayaniyarsu ba ta kai ta biki ba.

Dole sai na yi kwas ko na shiga makaranta?

A'a. Babu uwar amaryar da za ta tambaye ka satifiket, hotunan da ka yi a baya za ta ce a nuna mata. Idan kana karanta aikin jarida a jami'a ko poli za ka ɗan taɓa darasin hoto, yana da amfani, amma bai isa ba. Kwas na sati biyu ko wata ɗaya da sitidiyo suke shiryawa ma ba laifi in dai mai koyarwar da kansa yana zuwa biki, ka duba aikinsa kafin ka biya. Abu uku ne dai ba makawa ka fahimce su ko a ina ka koya: saurin shota wato tsawon lokacin da kyamara take buɗewa haske ya shiga, buɗewar lens wato lambar f, da ISO wato ƙarfin jin hasken kyamara, da yadda in ka taɓa ɗaya sai ka gyara wani.

Kuɗina ba yawa, wace kyamara zan saya?

Ta hannu mai lafiya. Don koyo, tsofaffin Canon irin 600D ko 700D ko Nikon D5300 sun isa, kuma har yanzu akwai masu cin abinci da su. Idan za ka fara karɓar aiki da sunanka kuwa, ni abin da na fi dubawa shi ne kyamara mai ramin memori biyu, saboda tana rubuta kowane hoto a kati biyu lokaci guda, in ɗaya ya mutu ɗaya yana nan. Canon 5D Mark III da ta fito a 2012 tana da shi, Nikon D750 ta 2014 tana da shi, haka D7200, haka Sony A7 III ta 2018 da Canon R6 ta 2020. Canon 6D da ake yawan saye saboda sauƙin kuɗi rami ɗaya gare ta, hotonta yana da kyau sosai amma ka san da wannan.

Wajen sayen ta hannu, ko a Banex ne a Abuja ko Computer Village a Ikeja ko wajen wani mai hoto da zai canja kaya, ka tambayi adadin hotunan da shotar ta buga. 5D Mark III da D750 an ƙiyasta musu kusan 150,000, wasu suna wuce haka nesa, amma wadda ta kusa kaiwa bai kamata a sayar maka da ita da tsada ba. Ka sa lens a f/16 ka ɗauki farin bango ka duba ko akwai ɗige-ɗigen ƙura a hoton, ka gwada ramukan memorin duka, ka gwada wurin ɗora filash. Kuma kar ka zuba duk kuɗinka a jikin kyamara ka bar lens da filash, duba amsa ta gaba.

Lens fa, wanne ne na farko?

Kowa zai ce maka 50mm f/1.8, kuma gaskiya ne, shi ne mafi arha cikin masu kyau, yana narkar da bayan mutum yana kuma shan haske a wuri mai duhu. Sai dai akwai abin da ba a faɗa wa sabbi: a kan ƙananan Canon irin 600D da 80D ana ninka tsawon lens da 1.6, kenan 50mm ɗinka ya koma kamar 80mm, to ka shiga ɗakin amarya da shi, ga gado ga akwatunan lefe ga ƙawaye goma sha, za ka manne da bango kuma fuska biyu kawai za ka samu. Ga mai irin wannan kyamarar, Sigma ko Tamron 17-50mm f/2.8 ya fi yi masa aiki a yini guda. Mai babbar kyamara irin 5D ko D750 kuma, wadda ba a ninka tsawon lens a kanta, 24-70mm f/2.8 shi ne jakin aikin, in kuɗi bai kai ba a haɗa 35mm da 85mm.

Bayan lens sai filash, ko kafin lens na biyu ma. Godox TT685 ko V860 sun wadatar, daga baya ka ƙara AD200 da lema ko sofbos, wato akwatin yadi mai tausasa hasken fitila.

Wayata iPhone ce mai kyau, ba za ta yi ba?

Za ta yi gajerun bidiyo na Instagram da TikTok, kuma wannan ma yanzu sana'a ce mai zaman kanta, amare suna ɗaukar mai waya daban ban da mai hoto. Amma hoton da za a buga a babban firem ko albam, a hol da dare mutane suna motsi, waya ba ta kai ba tukuna.

Wane shagali ake yi a bikin, kuma me ake so in ɗauka a kowanne?

Ya danganta da gida da gari da aljihu, shi ya sa tun kafin ranar za ka zauna da amarya ko babbar ƙawarta a rubuta maka jerin komai da lokaci da wuri. Wanda aka saba dai akwai sa lalle, kamu, ɗaurin aure, walima, yini, dina, kai amarya, buɗar kai. Wasu suna ƙara hotunan kafin aure, wasu gidajen ko kusa ba sa yarda da shi, kar kai ka zama mai kawo shawarar. Idan aikin ya kai ka Maiduguri za ka tarar da wushe-wushe da sauran al'adun Barebari, ka tambaya kafin ka je kar ka ɗauka irin na Kano ne. Dokar gari ma tana canjawa, misali a 2025 hukumar tace fina-finai ta Kano ta hana Ƙauyawa Day, shagalin nan da ake yin shigar ƙauye.

A kamu abin nema shi ne lokacin da dangin ango suke ciniki da ƙawayen amarya, da fesa turare, da ɗaga mayafi. A lalle, hannu da ƙafa kusa-kusa kafin zanen ya fara gogewa. Kai amarya kuma ni a wurina shi ne ya fi kowanne nauyi duk da ba shi da ƙyalli: nasihar uba, uwa ta kau da kai, ƙanne suna kuka a bakin mota. A nan ba a cewa kowa ya kalli kyamara, ba a haska filash a fuskar dattijo sau goma, ka ɗaga ISO ka ja baya ka yi shiru. Akwai kuma hotunan da in babu su to aikinka bai cika ba komai kyan sauran, su ne na iyaye da kakanni. Ka sa a ba ka mutum ɗaya daga kowane ɓangare wanda ya san dangi, don kai ba ka san wacece uwar amarya wacece kishiyar uwar ba, kuma in ka fito da ɗaya sau ashirin ɗaya sau biyu, magana ce za ta daɗe ana yi.

Ɗaurin aure da rana tsaka, fararen kaya suna ƙonewa fuska kuma ta yi baƙi, ya zan yi?

Wannan ita ce jarabawar kowa. Yawanci bayan Juma'a ne ko Asabar da hantsi, rana tana tsakiyar ka, kowa ya sha farar shadda, hula ta jefa inuwa a ido. Kyamara in ka bar ta da kanta ko dai ta ƙona rigar aikin zaren ya ɓace, ko ta gyara rigar fuska ta nutse. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ISO 100, ka kunna alamar nan mai ƙiftawa da take nuna inda fari ya ƙone, ka rage haske har ta daina ƙiftawa a kan rigar, fuskar kuma ka cike ta da filash kaɗan ko ka ɗago ta wajen editin. Dalili shi ne inuwa ana iya ceto ta a RAW, farin da ya ƙone kuwa ya tafi kenan. Ka tuna saurin shotar yawancin kyamarori ba ya wuce 1/200 ko 1/250 da filash sai ka kunna HSS, tsarin da yake barin filash ya yi aiki da shota mai sauri. Hoton ango da abokai kuwa kar ka wahalar da kanka, ja su inuwar bango ko ƙarƙashin rumfa, in dai rumfar ba mai ja ko shuɗin yadi ba ce da za ta rina musu fuska.

Ɗaurin auren kansa minti kaɗan ne. Ka isa da wuri ka gano inda waliyyi da wakili za su zauna, ka samu miƙa sadaki da shafa fatiha, don da an shafa taro ya rikice da gaisawa. In a cikin masallaci ne ka nemi izini tukuna, ka cire takalmi, kar ka riƙa tsallake dattawa ko gittawa gaban mai sallah.

A hol da dare hotuna suna fitowa da layi-layi ko launi ya rikice, kyamarar ce ta lalace?

Lafiyarta ƙalau. Wutar Najeriya da Nijar 50Hz ce, fitilu da yawa suna ƙiftawa sau 100 a sakan ɗaya ido ba ya gani amma kyamara tana gani, musamman ƙananan LED masu arha da manyan allunan da ake sawa bayan kujerar amarya. Ka kashe shota marar ƙara idan kyamararka marar madubi ce irin A7 III ko R6, ita ce ta fi jawo layin, ka kunna maganin ƙiftawa a menu in akwai, ka gwada shota 1/100. A bidiyo ka tsaya a firem 25 da shota 1/50. In an koma janareta ka sake gwadawa don ba kullum yake tafiya daidai ba.

Launi kuma, fitilun DJ ja da shuɗi da kore ba za ka iya da su ba sai da naka hasken. Wurin farawa: ISO 800 zuwa 1600, f/2.8 ko f/4, shota 1/125 zuwa 1/200, filash ya kalli silin in fari ne kuma ba nisa. In an lulluɓe silin da yadi mai launi to sai yaronka ya riƙe fitila a gefe. Hoton rukuni ka koma f/5.6 ko sama don na layin baya su fito. Sannan ka kiyayi hasken leza, yana iya ƙona sensa, wato ɓangaren da yake kama hoto a cikin kyamara, har abada, in ka ga ana wulga shi kar ka fuskance shi da kyamara.

Ni namiji ne, ya zan yi da shagalin mata? Ni kuma mace ce, akwai wuri a harkar?

Namiji, ba ka shiga ko'ina sai an ce ka shigo. Ka yi sallama ka tsaya a ba mata lokaci su gyara mayafi, in za a gyara wa amarya ɗankwali ko sarƙa ka ce ƙawarta ko mai kwalliya ta gyara, hannunka bai da aiki a jikinta. Wadda ta kau da kai ko ta rufe fuska ba ta so ne, wuce ta, akwai matan aure da mazansu ba su yarda ba kuma ba sai sun yi maka bayani ba. Neman lambar ƙawayen amarya a wurin aiki kuma shi ya fi komai saurin kashe kasuwar mai hoto, domin mata su suke ba da aikin nan, su suke faɗa wa juna wa za a kira wa ba za a kira ba.

Ke kuma 'yar'uwa, wuri kam akwai, har ya fi na maza ta wani ɓangaren. Akwai gidaje masu yawa da namiji ba zai taɓa shiga ɗakin kwalliya ko wurin lalle ko walimar mata ba, suna neman mace da kuɗinsu ba sa samu. Fati Abubakar 'yar Maiduguri da ta yi suna da shafin Bits of Borno ba hoton biki take yi ba, amma ta isa misali cewa mace 'yar Arewa tana riƙe kyamara har duniya ta san ta. Abin da za ki tsara tun farko shi ne dare, dina tana kaiwa sha ɗaya ko fiye, ki san wa zai mayar da ke gida da kayan miliyoyi a jaka. Da yawa suna haɗa gwiwa da namiji, shi ya yi ɗaurin aure ita ta yi cikin gida.

Zan iya sa hotunan a Instagram don tallata aikina?

Sai da izini, kuma izinin amarya kaɗai bai isa ba, a ji ta bakin ango. Ka tambaya tun ranar ciniki a rubuta, in sun ce a'a to a'a ne ko da shi ne aiki mafi kyau da ka taɓa yi. In sun yarda ma ka tura musu waɗanda ka zaɓa su gani, kuma ka bar na baƙi mata da ba su san za su tsinci kansu a intanet ba. Hoto ɗaya na matar wani tana rawa ya isa ya jawo fitinar da ba ka da maganinta. Haka in za ka kai kwamfuta ko waya gyara, kwashe hotunan mutane tukuna.

Sai maganar liƙi. Sashe na 21 na dokar CBN ta 2007 ya hana liƙa naira da tattaka ta, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla N50,000 ko duka biyun, kuma tun 2024 EFCC ta kama mutane har an ɗaure wasu, hujjar kuwa bidiyon da aka ɗora ne. Don haka wannan ɓangaren ka ba masu shi su ajiye, kar ka ɗora.

Nawa zan caja?

Ba zan faɗi lamba ba don tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023 farashi ba ya zama wuri ɗaya, kayan aikinmu kuma da dala ake shigo da su. Lissafin dai ga shi: kuɗin mota, sallamar yaranka, hayar lens ko fitila in ka yi, data, bugun albam da firem, wani abu na tsufan kaya, sannan ladan lokacinka, har da kwanakin da za ka yi a gaban kwamfuta waɗanda sun fi na wurin biki yawa. Ka caja kowane shagali daban, kar ka ce "biki gaba ɗaya" sai ka ga an ƙaro maka biyu da ba a faɗa ba. Ka tambayi sa'o'inka a garinku abin da suke karɓa, farashin Abuja ba na Gusau ba ne. Kuma kar ka yi gasa da 'yan sha-yanzu-magani-yanzu da suke bugo hoto a bakin hol su sayar, kasuwarsu daban taka daban.

Mutane suna cinye min kuɗi, 'yan'uwa kuma suna so kyauta.

Kafin alƙalami shi ne maganin na farko. Ba a riƙe wa kowa rana sai ya ba da wani kaso, yawanci rabi ko fiye, cikon kuma kafin ka miƙa hotuna, don da zarar sun shiga wayar amarya kuma an gama kashe kuɗi a biki, kai ne na ƙarshe da za a tuna. Yarjejeniya ba sai da lauya ba, saƙon WhatsApp ma ya yi in ya ƙunshi ranaku, wurare, awa nawa, hoto nawa za a gyara, yaushe za a karɓa, me zai faru in an ɗaga biki, da maganar ɗorawa a intanet da na yi bayani a sama. In harka ta fara tafiya ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC ka buɗe asusu da sunan.

'Yan'uwa kuwa ka zaɓa da kanka, ko ka ce wannan gudummawata ce ka yi da zuciya ɗaya, ko ka faɗi kuɗinka ka yi ragi a fili. Wanda ke ɓata zumunci shi ne "ka zo kawai za mu yi magana".

Wajen editin, amarya ta ce a ƙara mata haske, in yi?

Za ka ji wannan kullum. Ra'ayina, ka gyara hasken hoto amma kar ka canja mata launin fata har fuska ta zama daban hannu da wuya daban, dangin miji su kasa gane ta a firem. Cire ƙurji da maiƙon goshi ba komai, goge fata har ta koma kamar roba shi ne aikin da bayan shekara biyar ita da kanta za ta ji kunyarsa. Ka nuna mata samfurin aikinka tun farko ta san salonka. Ka kula da launin ashobi da leshi kuma, mata sun san kalar da suka saya.

Lightroom ne na tacewa da gyaran launi, Photoshop na gyaran fata a kan 'yan kaɗan da za a buga. Kuɗin wata ake biyansu, in babu hali Darktable kyauta ne. Kar ka miƙa hoto dubu uku, cire masu rufaffen ido da masu cin abinci da maimaici.

Memori ya ƙi buɗewa bayan biki, shikenan?

Ba lallai ba. Cire shi nan take, kar ka ƙara ɗaukar komai a kai, kar ka yarda in kwamfuta ta ce a yi fomatin, ka gwada PhotoRec ko Recuva, sau da yawa suna dawo da su. Rigakafin kuma shi ne ramin memori biyu da na ambata a maganar kyamara, da guje wa katin jabu da ya cika kasuwa da tambarin SanDisk, sabon kati ka gwada shi da H2testw kafin ka kai shi aiki. RAW ɗaya na kyamara mai 24MP yana kai 25MB zuwa 30MB, katin 64GB zai ɗauki wajen dubu biyu, gara kati uku matsakaita da ƙato ɗaya. Daren da ka dawo ka kwafe a wuri biyu kafin ka kwanta, kuma kar ka goge katin sai ka buɗe kwafin ka gani.

Wajen turawa, WhatsApp yana matse hoto sai in ka tura shi a matsayin dokumen. Google Drive yana ba da 15GB kyauta, ko ka sa a USB ka haɗa da albam.

Ƙurar hunturu da zafin bazara suna lalata kaya?

Sosai. Disamba lokacin biki ne kuma lokacin ƙura, kar ka canja lens a fili, shiga mota ko ɗaki ka juya bakin kyamarar ƙasa, ka riƙe abin hura iska a jaka, ban da goge gilashi da bakin riga. Daga Maris zuwa Mayu kuma da zafi ke haura 40, kar ka bar jaka a but ɗin mota, kyamarori marasa madubi suna iya kashe kansu a tsakiyar dogon bidiyo. Batir ka caje duka tun jiya, wutar NEPA ba abin dogaro ba ce ranar aiki.

In babu biki fa, me zan ci? Kuma ya maganar jirgi marar matuƙi?

Aikin yana da kaka. Ana rububin aure kafin azumi, da bayan sallah ƙarama da babba, da ƙarshen shekara, a cikin Ramadan kuwa kusan tsit. Abin da ka samu a Sha'aban ka san har da na wata mai zuwa a ciki. A tsakani akwai suna, sauka, yaye ɗalibai, hotunan sallah a sitidiyo, hawan daba a Kano da Zariya da Katsina, da masu sayar da atamfa da turare da abinci a intanet da kullum suke buƙatar hoton kaya.

Jirgin ɗaukar hoto kuma kar ka yi gaggawar saye. A Najeriya amfani da shi don kasuwanci yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da tantancewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma tashinsa kusa da filin jirgi ko bariki ko gidan gwamnati zai iya sa a ƙwace shi a tafi da kai. In kwastoma ya dage yana so, ka ɗauko mai shi da takardunsa na yini ɗaya ka sa kuɗin a cikin lissafi.